Cin zali a makaranta: yana wucewa da ƙuruciya, ko yana bin yaro har girma?

Wata uwa daga Ƙofar Marusa a nan Katsina ta aiko mini da tambaya. Ɗanta mai shekara 12 yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare a wata makarantar kwana. Ya dawo hutu ya rame, ya daina surutun da aka san shi da shi, kuma fitsarin kwance da ya bari tun yana ɗan shekara biyar ya dawo. Sai da ta yi ta lallashi kafin ya gaya mata cewa siniyoyi ne ke ƙwace masa kayan shayi, su sa shi wanki da ɗibar ruwa, su dake shi in ya makara, sannan tun da aka gano yana jiƙa katifa 'yan ɗakinsu suka laƙaba masa suna. Mahaifinsa ya ce haka kowa ya sha, shi ma ya sha, kuma da haka ake zama namiji. Ita kuwa hankalinta ya ƙi kwanciya, domin tana da ƙane da aka yi ta tsokana saboda in'ina tun yana firamare, yau ya haura shekara 30 amma ba ya iya zama cikin taro. Tana son ta sani: abin nan yana wucewa idan yaro ya girma, ko yana barin tabo? Kuma me za ta yi kafin a koma makaranta?

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri. Yaro mai wannan shekaru bai cika faɗin irin wannan magana ba sai ya ga fuskar da zai faɗa wa, yawancinsu haɗiyewa suke yi. Amsar tambayarki ita ce e, yana barin tabo. Ba ga kowane yaro ba, kuma tabo ne da ke iya warkewa, amma duk wanda ya ce miki “wasan yara ne, zai wuce” bai ga abin da muke gani a ɗakin duba marasa lafiya ba. Na haura shekara 20 ina aikin lafiyar ƙwaƙwalwa, kafin nan kuma ni ma makarantar kwana na yi, na ci gabza, na ɗauki bokitin siniya. Abin da na koya a waɗannan shekaru shi ne, zafin bulala yana saurin gushewa, amma yaro ya waiwaya ya ga babu wanda ya tsaya masa, wannan shi ne ke zama a zuciya shekara da shekaru. Kuma wannan ɓangaren yana hannunki da hannun mahaifinsa.

Bari mu fara raba wasa da cin zali, don a nan ake rikita iyaye mata har su ja bakinsu su yi shiru. Mu mutanen barkwanci ne. Taubasai na yi wa juna tsiya, jika na tsokanar kakarsa, Bakatsine ya haɗu da Banufe a yi ta ja-in-ja a rabu ana dariya. Yara ma suna faɗa da safe su ci abinci kwano ɗaya da rana. Duk ba wannan nake nufi ba. Wani masanin halayyar ɗan'adam, Dan Olweus, wanda ya fara nazarin wannan al'amari a makarantun Suwidin da Norwe tun shekarun 1970, ya kafa sharuɗɗa uku da har yau da su muke aiki: a yi abin da gangan don a cutar, a riƙa maimaita shi, sannan ƙarfi ya zama ba ɗaya ba, wato wanda ake yi wa ba shi da halin kare kansa. Ƙarfin nan ba lallai na damtse ba ne. Yana iya zama shekaru, ko muƙamin firifet, ko yawa, ko dai riƙe wani sirrin yaro kamar yadda suka riƙe na ɗanki. A wasan taubasai kowa na da bakin ramawa, kuma in ɗaya ya ce ya isa, to ya isa. Ɗanki ba shi da wannan damar. Idan wani malami ya ce miki ai ya gan shi yana dariya tare da su, ki tuna da maganar magabata: faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya, kashi 32 cikin 100, an ci zalinsa a makaranta cikin wata gudan da ya gabaci tambayarsa. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kashi 48. Dalilin da yaran suka fi ambata shi ne kamannin jiki. A nan wurinmu ma kin san waɗanda aka fi sa wa ido: mai in'ina, zabiya, mai sikila da bai kai tsaransa girma ba, mai farfaɗiya, mai harara-garke, yaron da aka kawo daga ƙauye bai saba da birni ba, agola, maraya. Ba makarantar boko kaɗai ba, a tsangaya kolo na shan irinsa a hannun titibiri, a Islamiyya ma akwai, har cikin gida tsakanin 'yan uba. Na 'yan mata ya fi wuyar kamawa don ba ya barin shati a jiki. Habaici ne, da zunɗe, da a tashi daga tabarma in ta zo zama, yanzu kuma an ƙara da yaɗa hotonta a WhatsApp ko TikTok.

To me ke faruwa a jikin yaronki? Allah ya halicce mu da ƙararrawar tsoro. Idan kika ga maciji a tsakar gida, zuciya za ta buga da sauri, numfashi ya ƙaru, jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotisol don ki gudu ko ki kare kanki. Maciji ya wuce, komai ya lafa. Yaron da ke kwana ɗaki ɗaya da masu cin zalinsa, nasa macijin ba ya wucewa. Ɗan jeka-ka-dawo aƙalla yana da gida da yamma. Ɗan makarantar kwana kuwa ko an kashe fitila idonsa biyu, yana sauraren takun ƙafa. Daga nan ake samun ciwon kai da ciwon ciki da gwaji ba ya nuna komai, a yi ta ɗura wa yaro maganin maleriya da taifot ba sauƙi. Daga nan karatu ke zubewa, don ƙwaƙwalwar da ke gadi ba ta hadda. A Ingila an gwada tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda aka ci zalin ɗaya ba a ci na ɗayan ba, sai aka ga yadda jikin wanda aka zalunta ke sakin kotisol a lokacin tashin hankali ya sauya, ya bambanta da na ɗan'uwansa. Ko warewa kaɗai, ba duka ba zagi, jiki na jin ta. A 2003 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna wasan jifan ƙwallo a kwamfuta, sai aka daina jefa musu da gangan. Sashen da ya motsa a lokacin yana cikin sassan da ke motsawa idan mutum na jin raɗaɗin ciwo. Da Bahaushe ke cewa magana ta ƙona masa rai, ashe bai yi nisa da abin da na'ura ta gani ba.

Fitsarin kwancen nan ina son ki ɗauke shi da muhimmanci ta fuska biyu. Yaron da ya yi shekaru da bari sannan ya dawo masa, tashin hankali na daga cikin manyan dalilai. Amma ki kai shi a gwada fitsari da jini tukuna, domin ciwon sanyi na mafitsara, da ciwon suga, da sikila, duk suna kawo shi. Ba da gangan yake yi ba, ba lalaci ba ne, barci yake. Don Allah kada a shanya katifarsa a gaban ƙannensa, kada kowa ya kira shi amalala a gidan nan ko da wasa. Wurin da ya rage masa ke nan.

Yanzu ga ainihin abin da kika tambaya, wato girma. A Birtaniya akwai wani bincike da ya ɗauki jariran da aka haifa cikin mako guda a 1958, ana bin rayuwarsu har yau. Suna shekara 7 da 11 an tambayi iyayensu ko ana cin zalinsu. Masu bincike a King's College ta Landan sun duba mutum 7,771 daga cikinsu, suka fitar da sakamako a 2014. Kashi 28 an ci zalinsu jefi-jefi, kashi 15 kuwa a kai a kai. Da suka kai shekara 45 zuwa 50, wato bayan kusan shekara 40, waɗanda aka zalunta sun fi sauran fama da ƙuncin rai, waɗanda aka fi matsa wa kuma sun fi kamuwa da ciwon damuwa, da fargaba, da tunanin kashe kai. Karatunsu bai kai na tsaransu nisa ba, mazan sun fi zama ba aiki ko samun abin da bai taka kara ya karya ba, kuma sun fi zama ba abokin rayuwa, ba wanda za su jingina da shi in ciwo ya zo. Wannan bambanci bai ɓace ba ko da aka cire tasirin talaucin gida da basirar yaro da sauran matsalolin ƙuruciya.

A Amurka ma, a jihar Karolina ta Arewa, an bi yara 1,420 tun suna tsakanin shekara 9 da 16 har suka kai ashirin da 'yan kai. Waɗanda aka ci zalinsu sun fi fama da fargaba, da firgici mai zuwa ba sallama, da tsoron fita cikin jama'a. Har a jininsu an samu ƙaruwar wani sinadari da ke nuna kumburi a cikin jiki, wanda likitoci ke alaƙantawa da ciwon zuciya daga baya. Waɗanda suka fi kowa shan wahala a wannan bincike su ne yaran da aka zalunta sannan su ma suka juya suka zalunci na ƙasa da su. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa. A 2015 kuma aka haɗa bayanan wannan bincike da wani na Ingila, aka ga cin zalin tsara ga tsara yana yi wa lafiyar ƙwaƙwalwa illar da ta kai, wani lokaci ma ta wuce, ta muzgunawar da manya ke yi wa yaro. Wannan ya ba mutane da yawa mamaki. Ni bai ba ni ba, don a shekarun nan yaro a idon tsaransa yake auna darajar kansa.

Wani zai ce ai dama yara masu rauni ake zaɓa, ba zaluncin ne ya raunana su ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, masu cin zali suna da hancin gane yaro mai kunya ko wanda ba shi da kowa. Amma tagwayen nan da na ambata sun raba gardama. Jini ɗaya, uwa ɗaya, tukunya ɗaya, duk da haka wanda aka ci zalinsa ya fi ɗan'uwansa shiga damuwa da tsoro bayan 'yan shekaru.

Game da maganar Alhaji, mahaifin yaron, ba na ganin mugunta a cikinta. Yana son ɗansa ya zama jarumi, kuma abin da aka gaya masa ke nan lokacin da shi ma ya kai kuka gida. Amma bari in ba ki labarin da har yau yake damuna. Muna aji ɗaya, a ɗakinmu akwai wani yaro daga wani ƙauye a ƙasar Daura, siriri, mai kyan rubutu, ya fi mu duka lissafi. Yana fitsarin kwance. Kullum bayan asuba siniyoyi su ɗora masa jiƙaƙƙiyar katifa a ka, a sa shi ya zagaya ɗakunan kwana, mu kuma ƙanana a ce mu bi shi muna kaɗa bokiti. Na kaɗa, Hajiya. Na san in ban kaɗa ba gobe ni ne. Ina tuna yadda ruwan ke gangaro masa ta wuya, da yadda ba ya kuka, idonsa a ƙasa yana kallon silifas ɗinsa. Bayan hutun zango na biyu bai dawo ba. Yau idan muka yi taron tsofaffin ɗalibai sai mu ƙirga farfesoshi da daraktoci da suka fito daga cikinmu, mu ce ai wahalar nan ce ta gina mu. Ba wanda ke ƙirga shi. Masu cewa “mun sha kuma ga mu” waɗanda suka tsira ne ke magana. Waɗanda abin ya kayar ba sa zuwa taro.

Ko cikin waɗanda suka tsiran, ba duka ne suka fita lafiya ba. Na taɓa duba wani magidanci, ma'aikacin gwamnati, ya haura 40, na sauya wasu bayanansa don rufin asiri. Faɗuwar gaba da ciwon ƙirji suka kawo shi. An yi hoton zuciya ba a ga komai ba, ya sha maganin olsa har ya gaji, an yi ruƙiyya. Sau biyu yana kauce wa ƙarin girma don muƙamin na buƙatar ya tsaya gaban mutane ya yi bayani. A masallaci sahun baya yake nema kusa da ƙofa. In ya wuce majalisa aka yi dariya, ya tabbata da shi ake. Sai a zamanmu na uku na tambaye shi ko akwai sunan da ake kiransa da shi yana yaro. Ya yi shiru, ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana murza ta, ya duba ƙofa, sannan ya faɗi sunan a hankali kamar mai tsoron kada na waje su ji. Shekara 30 ke nan rabon da wani ya kira shi da shi. Ya ce ya gaya wa mahaifinsa sau ɗaya, aka ce masa ya daina abu kamar mace. Bai sake gaya wa kowa ba, har matarsa.

Hanyar da abin ke bi ya kai girma ba ɓoyayyiya ba ce. Yaro ba ya iya cewa “waɗannan azzalumai ne”, abin da yake cewa a ransa shi ne “akwai abin da ke damuna, shi ya sa ni aka zaɓa”. Idan manya suka yi shiru sai ya ɗauka sun tabbatar masa. Daga nan ya fara kauce wa mutane, kuma duk kaucewa tana ba shi sauƙi na ɗan lokaci amma tana ƙara wa tsoron ƙarfi. Ba ya ɗaga hannu a aji, ba ya neman aikin da ke da intabiyu, ba ya iya zuwa zance, ba ya iya tambayar bashinsa a kasuwa. Wasu kuma ta ɗaya hanyar suke bi. Su rantse ba za a sake taka su ba, su zama masu zafin hannu a kan juniyoyi, daga baya a kan mata da 'ya'ya. Wasu su nemi abin da zai kashe musu tunani a wurin masu ƙwaya. Shi ma mai cin zalin ba riba yake ci ba. Olweus ya bi yaran da aka sani da wannan hali, ya samu kusan kashi 60 cikinsu kotu ta taɓa kama su da laifi kafin su cika shekara 24.

Shi ya sa ba na son a ce wa yaro “ka rama”. Yaro ɗan aji ɗaya ba zai iya da ɗan aji shida ba, in ya gwada za a yi masa taron dangi, in ya kasa kuma ya ƙara da kunyar ya ba mahaifinsa kunya. Abin da ya fi faruwa shi ne ya ajiye ramuwar sai ya zama siniya, ya sauke ta a kan ɗan wani. Ya shiga sahun nan da na ce sun fi kowa shan wahala. “Yi haƙuri” ma, in ita kaɗai aka ba shi aka juya baya, ba ta wadatar ba. Haƙuri na da matsayinsa, amma addininmu bai ce a zuba wa zalunci ido ba. A Suratul Hujurat, aya ta 11, Allah ya hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da taimakon ɗan'uwa ko shi ke zalunci ko shi ake zalunta, ya kuma bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi. Ina ganin da wannan ya fi kyau ki shiga wa Alhaji, a keɓe, ba a gaban yara ba, kuma kada ki ce masa ya yi kuskure. Ki tambaye shi, a lokacin da shi yake sha, da me ya so mahaifinsa ya yi masa? Na ga wannan tambaya ta sa maza manya sun yi shiru.

Ga abin da zai kwantar miki da hankali. Duk alƙaluman nan ƙaruwar haɗari suke nunawa, ba hukunci ba ne a kan ɗanki. Yara da yawa sun sha sun warke sarai, kuma an bincika me ya bambanta su. A binciken tagwayen Ingila, yaran da ke samun tausasawar uwa, da jituwa da 'yan'uwa, da gida mai natsuwa, sun fi jure abin, har ma a tsakanin tagwaye, wanda uwa ta fi ja a jiki ya fi ɗan'uwansa fita da sauƙi. Aboki na gaskiya ko guda ɗaya ma yana rage illar ƙwarai. Saboda haka ki sake zama da shi, ba tuhuma, ba “me ka yi musu?”. Ki gaya masa da bakinki cewa kin yarda da shi, ba laifinsa ba ne, kuma ya kyauta da ya faɗa. In mahaifinsa zai faɗi waɗannan kalmomi, nasa sun fi naki nauyi a kunnen ɗa namiji. Ki tambaye shi wane ne abokinsa a can, ki nemi sanin iyayen yaron. Sannan akwai tambaya mai nauyi da dole a yi wa duk yaron makarantar kwana da ya dawo a haka, cikin natsuwa, ba tare da an firgita shi ba: ko akwai wanda ya taɓa jikinsa ta hanyar da ba ta dace ba? In amsar e ce, magana ta wuce ta makaranta, asibiti ne da hukuma, kuma ba zai koma ba.

Kafin ranar komawa ku je makarantar ku biyu. Ki rubuta abin da ya faru, da lokaci, da wuri, da sunayen da ya ambata. Ku ga malamin da ke kula da ɗakin kwana da shugaban makaranta, amma ku gaya wa yaron tukuna abin da za ku yi, kada ya ji an yi masa ba-zata. Kada ku yarda a fito da shi a asambuli ya nuna waɗanda suka dake shi, ko a zane su a gabansa. Malamai za su tafi gida, shi kuwa da su zai kwana. Abin da za ku nema a bayyane yake: a sauya masa ɗaki, a raba wurin kwanan ƙanana da na manya, a samu babban mutum da ke zagayawa da dare da lokacin wanka da cin abinci, a karɓe bulala daga hannun ɗalibai, a ba ku malami guda da yaron zai riƙa zuwa wurinsa. Ku sa ranar dawowa bayan mako biyu, kuma ku dawo ɗin. Ku kai maganar taron iyaye da malamai, don na tabbata ba ɗanku kaɗai ba ne. In an yi muku kunnen uwar shegu, akwai ofishin ilimi na shiyya, akwai ma'aikatar ilimi. Najeriya na da dokar kare haƙƙin yara tun 2003, jiharmu ma ta yi tata a 2020, ba alfarma kuke roƙo ba.

Kada wani ya ce muku ba a iya gyarawa. A Norwe, bayan wasu yara uku 'yan shekara 10 zuwa 14 sun kashe kansu a 1982 saboda tsangwamar 'yan makarantarsu, gwamnati ta tashi tsaye a 1983, kuma a makarantun birnin Bagen da aka bi tsarin Olweus cin zali ya ragu da kusan rabi cikin shekara biyu. Ba da bulala ba, da sa ido da dokoki bayyanannu da jawo iyaye. A Kanada kuma an ɗauki bidiyon filin wasan yara, aka ga a fiye da kashi 80 na lokutan cin zali akwai 'yan kallo, ba su cika sa baki ba, amma in wani ya ce “bari”, a kashi 57 abin na tsayawa cikin daƙiƙa 10. Mai cin zali 'yan kallo yake yi wa. Da mu masu bokiti mun ajiye bokitanmu a safiyar nan, da zagayen bai yi armashi ba.

In kun yi duk wannan ba a ga sauyi ba, ko yaron ya ce shi sam ba zai iya ba, ku cire shi ku sa shi jeka-ka-dawo. Ba gazawa ba ce, kuma kuɗin makarantar da aka biya bai kai yaron ba. Idan kuma kika ji yana cewa gara ya mutu, ko ya huta da duniya, ko ya daina ci da magana kwata-kwata, kada ki jira gobe, kada ki ce yarinta ce. Ki kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da sauran magunguna daga inda zai kai hannu, kada a bar shi shi kaɗai, ki kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko babban asibiti mafi kusa, ki ce a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa. Ko bai kai haka ba, in wata guda ya wuce bayan an raba shi da masu cutar da shi amma barci da ci da walwala ba su dawo ba, a kawo shi. Zuwa wurinmu ba ya nufin hauka.

Saura ƙanenki. Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon tsoron jama'a, kuma ana maganinsa ko a shekara 30 ko 50. Yawanci zama ne ana tattaunawa da masani, a warware tunanin da ya ginu tun ƙuruciya, a riƙa komawa cikin mutane mataki-mataki, daga gaisuwa a shago har zuwa magana a taron dangi. Wani lokaci a haɗa da magani. Magidancin nan da na ba ki labari, bayan wata shida shi ya yi jawabin godiya a walimar ɗiyarsa, gajere ne, muryarsa na rawa, amma ya kai ƙarshe. In'ina ita kanta ba tsoro ke kawo ta ba, kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Tana bin jini, kusan babba ɗaya cikin 100 na da ita, tsangwama ce kawai ke tsananta ta. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka aike shi wurin Fir'auna, sai da ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshensa, ki tuna masa da wannan. Kada ki fara masa da maganar asibiti. Ki same shi shi kaɗai, ki ce masa kin tuna abin da ake yi masa a hanyar makaranta, kuma kin san bai cancanci haka ba. Mai yiwuwa ya ce ai ya wuce, ki ƙyale shi, wata rana ki sake. In ya fara magana harshe ya sarƙe, kada ki ƙarasa masa kalmar, kada ki kau da ido. Ki jira shi ya fito da ita da kansa.